Yadda za ki jagoranci tsararrakinki a horon aikin talla

Wata ɗaliba da ke horon sanin makamar aiki a wani kamfanin talla ta aiko da tambaya. Ta ce su shida aka haɗa a rukuni ɗaya, dukkansu ɗalibai, aka ba su mako takwas su tsara tallar wani kaya su gabatar wa mai kayan, kuma ita aka ɗora wa shugabancin rukunin. Biyu daga cikinsu ƙawayenta ne na kusa, ɗaya ya girme ta kuma ya fi kowa iya zane amma ba ya son a gyara masa aiki, wani kuma ba ya kawo nasa kason sai an yi ta bin sa. Tana so ta san yadda za ta sa a yi aikin alhali ba ta da ikon hukunta kowa ko saka wa kowa, kuma ba ta so a ce shugabanci ya hau mata kai.

Ƙanwata, na yi shekaru ina kula da ɗaliban da ke zuwa horo a wannan sana'a, kuma zan fara da tabbatar miki cewa kin fahimci matsayinki daidai. Ikon da ke hannunki aro ne, na mako takwas aka ba ki shi, kuma mutum biyar ɗin da kike jagoranta sun san haka sarai, domin jiya ku duka ɗalibai ne, gobe ma ɗalibai za ku koma. Kayan aro ba ya rufe katara, saboda haka duk shugabar da ta dogara da cewa ita aka naɗa za ta tarar ana amsa mata da baki ana saɓa mata a aikace. A shekarar 1959 wasu masana halayyar zamantakewa biyu a Amurka, John French da Bertram Raven, sun kasa tushen ikon da mutum kan samu a kan ɗan'uwansa gida biyar: ikon ba da lada, ikon hukuntawa, ikon muƙami, ikon gwaninta, da ikon da ke zuwa daga ƙauna da girmamawar da mutane ke yi wa mutum. Idan kika auna kanki da wannan ma'auni za ki ga biyun farko ba sa hannunki ko kaɗan, na ukun siriri ne, na huɗun kuwa mai zanen nan ya fi ki shi a fagensa. Na biyar ɗin ba a bayar da shi ranar naɗi, tara shi ake yi kaɗan-kaɗan da cika alkawari da yin adalci, kuma mako takwas bai isa ki jira ya taru kafin ki fara aiki ba. Don haka shawarar da nake so ki riƙe fiye da duk abin da zan faɗa nan gaba ita ce ki sauke hukunci daga kanki ki ɗora shi a kan takardar aikin da ku duka kuka amince da ita.

Takardar da nake nufi ita ce wadda 'yan sana'ar ke kira birif, wato taƙaitaccen bayanin abin da ake so tallar ta cim ma. A kamfanin talla mai tsari, marubuci da mai zane ba sa fara aiki sai an rubuta ta, kuma don a riƙa gina ta a kan sanin mai saye ne aka ƙirƙiro wani sashe na musamman a kamfanonin talla na Landan wajen 1968, ta hannun Stanley Pollitt da Stephen King, wanda aikinsa shi ne ya binciki mai sayen kaya ya shigo da muryarsa ɗakin da ake tsara talla. Ku ba ku da wannan sashe, ku ne za ku yi aikinsa da kanku. Takardar ba ta kamata ta wuce shafi ɗaya ba, kuma tambayoyin da take amsawa 'yan kaɗan ne: wace matsala mai kayan yake so a warware masa, da wa ake magana, me wannan mutumin yake tunani game da kayan a yanzu, me ake so ya yi bayan ya ga tallar, wace magana guda ɗaya tak za a gaya masa, wace hujja ce za ta sa ya yarda, a wace kafa za a sa tallar, kuma nawa aka ware mata. Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne maganar nan guda ɗaya. Kowa yana so a ce kayan yana da araha, yana da ƙarko, yana da kyau kuma ana samunsa ko'ina, alhali mutumin da ke duba wayarsa ko yake wucewa ta gaban allon talla ba zai tsaya ya kwashi dukkan wannan ba. Abu ɗaya zai tafi da shi idan an yi sa'a.

Kada ki rubuta wannan takarda ke kaɗai ki kawo musu ita a gama, ko da kin fi su sanin yadda ake rubuta ta. Ku zauna ku shida ku yi ta gardama a kan kowane layi har ku tsaya a kan abu ɗaya, sannan ki kai wa mai kula da horonku ya duba, idan da hali mai kayan ma ya gani ya amince, daga nan a liƙa ta inda kowa zai riƙa ganinta. Na taɓa kula da wani rukuni da aka ba tallar wata manhajar ajiyar kuɗi ta waya. Sun kwashe kwana goma suna jayayya a kan launi da hoto da irin haruffan da za a sa, har biyu daga cikinsu suka daina gaisawa, shugabar tasu kuma ta zo wurina idanunta sun yi ja tana neman a sauke ta. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na yi wa kowa tambaya iri ɗaya, cewa da wa suke magana a wannan talla. Wani ya ce da ɗalibi, wata ta ce da sabon ma'aikaci, wani ya ce da ƙaramin ɗan kasuwa, wata kuma ta ce da iyaye masu tara kuɗin karatun 'ya'yansu. Ashe kowa yana zana wa mutumin da ke cikin kansa ne, launi kawai ya zama wurin da saɓanin ya fito. Da suka zauna rabin yini suka tsayar da mutum ɗaya, wato matashin da ya fara karɓar albashi yake kuma ganin kuɗin na ƙarewa kafin wata ya raba, sai yawancin gardamar ta mutu da kanta, domin daga ranar idan wani ya kawo zane tambayar da ake yi ita ce ko wannan matashin zai ga kansa a ciki.

Nan amfanin takardar yake a gare ki. Sa'anki ba ya son ya ji “ban so wannan ba” daga bakinki, domin a ransa zai ce ke ɗin wace ce. Amma idan kika ce masa, “Mun amince da sabon ma'aikaci muke magana, ina yake a wannan hoton?”, ba ki ci fuskarsa ba, kin mayar da shi ne ga maganar da shi ma ya yarda da ita. Ki sani kuma takardar za ta kama ki ke ma. Ranar da dabararki ta saɓa mata wani zai nuna miki, kuma yadda kika karɓi wannan gyara a gaban kowa shi zai nuna musu ko takardar doka ce a kan kowa ko sanda ce da kika riƙe don dukan wasu.

Tun a makon farko ki sami mai kula da horonku ki tambaye shi iyakar huruminki dalla-dalla: wa ke yanke hukunci idan rukuni ya kasa daidaitawa, wa ke magana da mai kayan, shin a dunƙule za a auna ku ko kowa da nasa sakamakon, kuma a wane mataki yake so a kawo masa matsala. Idan ya amsa, ki roƙe shi ya maimaita amsar a gaban rukunin, don kada daga baya a ce ke kika ƙara wa kanki girma.

Game da rabon aiki, sana'ar da kanta ta riga ta nuna hanya. A da marubucin kalaman talla yakan gama rubutunsa ne a sashensa, sannan a aika wa masu zane su yi masa ado. Bill Bernbach, wanda ya kafa kamfanin Doyle Dane Bernbach tare da abokan aikinsa a New York a 1949, shi ya shahara da zaunar da marubuci da mai zane wuri ɗaya su haifi dabara tare, kuma daga irin wannan haɗin ne tallar ƙaramar motar Volkswagen ta 1959 ta fito, wadda Julian Koenig ya rubuta, Helmut Krone ya tsara, har yau kuma ana koyar da ita: 'yar mota a kusurwar shafi, mafi yawan shafin fari fat, da take mai kalma biyu a ƙasa. Mutum biyu ne suka yi wannan, kuma ban taɓa ganin mutum shida sun zauna sun rubuta jimla ɗaya mai kyau tare ba. Ki raba mutanenki biyu-biyu a kan ƙirƙira, ki ware wanda zai riƙe binciken masu saye da na abokan gogayya, da wanda zai riƙe lissafin kafafen da za a sa tallar da kuɗin da aka ware. Kafin ki raba, ki tambayi kowa abu biyu: abin da ya iya, da abin da ya zo koya. Tambaya ta biyun ana yawan mantawa da ita, alhali horo kuka zo, kuma wanda aka bari da aikin da ya riga ya iya tun daga farko har ƙarshe zai ji an yi amfani da shi ne kawai. Ke kuma ki ɗauki wani kaso na aikin da babu mai so, kamar rubuta abin da aka tsayar a taro da tura shi ga kowa a ranar, ko tsara inda ake ajiye fayiloli da yadda ake sa musu suna. Mutane suna lura da shugabar da ta zaɓar wa kanta aikin da ya fi haske, kuma suna lura da wadda ba ta yi haka ba.

Idan lokacin neman dabara ya zo, za ki ji wani ya ce a taru a ɗaki ɗaya kowa ya zubo abin da ke kansa. Wannan salo daga sana'armu ya fito: Alex Osborn na kamfanin BBDO shi ya yaɗa shi a shekarun 1940 da 1950, da sharaɗin kada a soki ra'ayin kowa yayin da ake zubowa, kuma a nemi yawa kafin a nemi kyau. Sharuɗɗan nagari ne, amma bincike ya nuna taron kansa yana da rauni. A 1958 wasu masu bincike a Jami'ar Yale sun gwada rukunonin mutum huɗu-huɗu masu tunani tare, suka kwatanta su da mutum huɗu da kowa ya yi nasa tunanin shi kaɗai sannan aka haɗa, sai na biyun suka fi kawo dabaru nesa ba kusa ba. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus suka nuna babban dalilin, wato mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, kuma yayin da sauran ke jiran ya gama sai abin da ke ransu ya kuɓuce musu. A ganina abin ya fi tsanani tsakanin tsararraki, domin mai ƙarfin murya yakan mamaye ɗakin, mai kunya kuma ya haɗiye dabararsa don gudun dariyar waɗanda zai ci gaba da haɗuwa da su bayan horon. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne a ba kowa kwana ɗaya ko biyu da takardar aikin, kowa ya zo da dabaru da yawa a rubuce, ɗaya a kowace ƙaramar takarda, a liƙa su a bango babu suna, sannan a fara tattaunawa. Ke kuma ki bar naki ra'ayin sai ƙarshe, domin ko da ikonki siriri ne, da zarar kin nuna wadda kike so wasu za su bi ki don a zauna lafiya, wasu kuma su ƙi ta don kawai taki ce.

Tara dabaru ba ya ba da wahala kamar zaɓe a cikinsu. Kuskuren da shugabanni masu kirki suka fi yi shi ne haɗa dabaru uku wuri ɗaya don kada ran kowa ya ɓaci, a ɗauki taken wannan, hoton wancan, da ƙarshen waccan. Irin wannan talla ina gane ta tun daga nesa, domin kowa a rukunin ya ga ɗan yankinsa a ciki ya yi shiru, mai saye kuwa bai ga komai ba. Ƙuri'a ma ba ta cika warware matsalar ba, saboda mutane kan zaɓi ta abokinsu ko wadda ta fi sauƙin aiwatarwa. Ku rage su zuwa uku ta hanyar auna kowacce da takardar aiki, ku zana su a gurguje ba tare da ƙawa ba, ku kai wa mutane kaɗan irin waɗanda tallar ke nufi, waɗanda ba abokanku ba ne kuma ba su san wa ya yi wacce ba. Kada ku yi musu bayani, kada kuma ku tambaye su ko ta yi kyau, domin kunya za ta sa su ce ta yi. Ku tambaye su abin da suka fahimta, da sunan kayan da ake tallatawa, da abin da ake so su yi. Wannan ba cikakken bincike ba ne, kada ku gabatar da shi ga mai kayan kamar shi ne, amma gani ya kori ji, kuma sau da yawa mai dabarar da kansa ne yake janye ta bayan ya tsaya ya ga mutum na uku a jere ya kasa gane ta. Idan bayan duk wannan kawuna sun ci gaba da rabuwa, to lokacin da aka naɗa ki dominsa ya zo: ki yanke, ki faɗi dalilinki daga takardar, ki rubuta shi, ki rufe maganar. Rukuni yakan yafe hukuncin da bai so ba idan an faɗa masa dalili, amma mako guda na rashin tsayawa yana kashe himmar kowa. Idan dabararki tana cikin waɗanda ake takaddama a kansu, ki faɗa a fili ki miƙa hukuncin ga mai kula da ku.

Yanzu ga mai zanen da ya girme ki. Ki fara da amincewa a gaban kowa cewa ya fi ki sanin fagensa, domin gaskiya ce, kuma faɗar ta ba ta rage ki da komai. Ki ba shi hurumi bayyananne, cewa shi ke da ta cewa a kan launi da haruffa da tsarin shafi, ke kuma abu biyu kika riƙe: ko aikin ya amsa takarda, da ko ya zo a kan lokaci. Yawancin masu zanen da ake cewa ba sa son gyara, abin da ba sa so shi ne wanda bai iya ba ya riƙe musu hannu. Kada ki ce masa ya ƙara girman rubutun ko ya mayar da shi ja; ki gaya masa kin nuna wa mutum uku kuma babu wanda ya lura da sunan kayan, ki bar masa neman maganin, domin yakan zo da wanda ya fi naki. Ki kuma nemi ganin aikinsa tun yana zanen fensir. Mutumin da ya yi kwana uku ba barci ya kawo aiki a gama, idan aka taɓa shi, wahalarsa yake karewa ko da ya san gyaran gaskiya ne, alhali zanen da ya yi cikin minti goma zai yaga shi da hannunsa ba tare da jin komai ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyara mai nauyi ki yi masa ku biyu, kuma kafin taro mai muhimmanci ki riƙa neman shawararsa, da niyyar amfani da ita, domin wanda aka nema a keɓe ba ya bukatar nuna girmansa a bainar jama'a.

Shi kuma wanda ba ya kawo kasonsa, ki san cewa matsalarsa tsohuwa ce kuma an yi nazarinta. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan aka sa mutane jan igiya, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar yawansu. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa suka sami irin wannan da gwajin tafi da ihu, daga baya kuma suka nuna cewa noƙewar tana raguwa sosai idan mutum ya san za a iya gane nasa kason a cikin na jama'a. Maganin farko ke nan: allo ɗaya ko shafi ɗaya da kowa ke gani, kowane aiki da suna ɗaya tak a gabansa da ranar kawo shi. Aikin da aka rubuta sunan mutum biyu a kansa, kowannensu zai ɗauka ɗayan na yi. Idan duk da haka ya ci gaba da saɓawa, ki same shi shi kaɗai, ki faɗi abin da kika gani da ranakunsa ba tare da ba shi suna mara daɗi ba, sannan ki tambaye shi abin da ke faruwa kuma ki saurara da gaske. Na taɓa yanke wa wani ɗalibi hukuncin lalaci a raina har mako biyu, ashe bai iya manhajar da aka ce ya yi aikin da ita ba, kunya kuma ta hana shi faɗa a gaban tsararrakinsa. Da aka zaunar da shi da wani yini ɗaya, sai ya zama cikin masu riga kowa kawo aiki. Wani fushi yake yi don an yar da dabararsa, wani yana da damuwar da ba ta shafi aikin ba, wani kuma da gaske ba ya son wahala, kuma kowanne da irin maganinsa. Abin da nake hana ki shi ne ki yi masa aikinsa a ɓoye cikin dare don a rufa asiri. Yin haka zai gajiyar da ke, ya koya masa cewa noƙewa ba ta da sakamako, ya kuma cuci waɗanda suka yi nasu. Ku tsayar da ƙaramin aiki da wa'adi na kusa. Idan ya sake saɓawa, ki gaya masa da bakinki cewa za ki sanar da mai kula da ku, sannan ki sanar. Wanda aka gaya wa kafin a kai maganarsa ba zai iya cewa an yi gulmarsa ba.

Ƙawayenki biyu kuwa, haɗarinsu ta fuska biyu ne. Za ki iya sassauta musu har sauran su ga akwai 'yan gata, ko ki tsananta musu fiye da kowa don ki nuna ba ki da son kai, wannan ma zalunci ne. Ki yi musu magana tun da wuri cewa a wurin aiki ma'auni ɗaya za ki yi wa kowa, kuma ki kiyaye abu ɗaya da ƙarfi: kada a yanke wata shawara ta rukuni a hirarku ta ku uku, kada kuma ki kai musu ƙorafin wani ɗan rukunin. Ranar da sauran ukun suka shigo taro suka tarar an riga an gama magana a wani wuri, rukuninki ya zama biyu.

Batun lokaci ba ya bukatar dogon bayani, sai dai ki yarda cewa duk wa'adin da mutanenki suka ba ki, da zuciya ɗaya suka ba ki shi kuma mai yiwuwa gajere ne. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, ɗaliban jami'a a Kanada sun ƙiyasta za su gama kundin bincikensu cikin kimanin kwana 34, amma sai da ya ɗauke su fiye da kwana 55. Ki fara lissafi daga ranar gabatarwa ki dawo baya, ki ɗauka cewa mako bakwai gare ku ba takwas ba, ki sa ranar da za a rufe ƙofar sababbin dabaru, domin a talla kullum akwai wanda zai zo da “wadda ta fi” ana saura kwana uku. Kuma idan kika ga an fara samun tsamin rai wajen mako na biyu ko na uku, kada ki ɗauka kin gaza. Bruce Tuckman ya bayyana tun 1965 cewa ƙananan rukunoni sukan fara da ladabin baƙunta, su shiga rikici, sannan su daidaita a kan ƙa'idoji kafin su kama aiki sosai. Ba kowane rukuni ke bin wannan jeri daidai ba, amma ni rukunin da ya kai mako na huɗu babu wanda ya taɓa musa wa wani ya fi ba ni tsoro, domin yawanci hakan na nufin ba a fara faɗin gaskiya ba.

Ranar gabatarwa, kada ki riƙe maganar ke kaɗai. Ki buɗe da matsalar mai kayan da abin da takardar aiki ta ce, ki bar wanda ya yi bincike ya faɗi abin da ya gano, mai zane ya nuna zanensa, mai lissafi ya kare lissafinsa, bayan kun gwada gabatarwar gaba ɗayanta aƙalla sau biyu da agogo a hannu. Ku tsayar tun kafin ku shiga wa zai amsa wace irin tambaya, don kada mutum uku su yi tsalle kan tambaya ɗaya da amsoshi mabambanta. Idan aka yaba wani ɓangare, ki ambaci sunan wanda ya yi shi nan take. Idan aka kama kuskure, ki karɓa da sunan rukunin ba tare da juyawa kin kalli mai laifin ba, domin babba juji ne, kuma wannan yana cikin abin da kika amsa ranar da kika karɓi shugabancin. Maganar wa ya yi kuskuren ta jira sai kun koma tsakaninku. Mai kayan yana iya ƙin dabarar da kuka fi so, ko ya nemi a sauya abin da kuke ganin shi ne ran tallar. Ki saurare shi har ya gama, ki tambaye shi abin da yake tsoro, ki kare aikin sau ɗaya da hujja daga takardar da ya amince da ita, sannan ki tuna kayansa ne da kuɗinsa.

Bayan an gama, ku zauna na rabin awa kafin kowa ya watse, ki tambayi kowannensu abu ɗaya da ya kamata ki yi dabam, ki rubuta amsoshin ba tare da kin kare kanki ba. Ki aika wa mai kula da ku taƙaitaccen bayanin abin da kowa ya yi da sunansa, ki kuma nuna wa rukunin kafin ki aika, domin daga irin wannan bayani ne ake rubuta wa ɗalibi takardar shaida ko a tuna da shi idan gurbin aiki ya samu. Dukkanku za ku so ku sa wannan aiki a cikin tarin ayyukan da za ku riƙa nunawa wurin neman aiki, amma bayanan mai kaya da tallar da ba a fitar ba tukuna sau da yawa sirri ne, saboda haka ki nemi izini a rubuce a madadin ku shida kafin wani ya ɗora ko shafi ɗaya a intanet, kuma ku amince cewa duk wanda ya nuna aikin zai faɗi nasa kason ya kuma ambaci sauran biyar.